Wa ya kira, wa ya fito, wa ya ƙirga: nazarin zanga-zanga daga Yamai

Jami'ar Abdou Moumouni tana unguwar Harobanda ta Yamai, a ƙetaren kogin Neja. Fadar shugaban ƙasa, majalisar dokoki, ma'aikatu da babbar kasuwa kuwa duk suna wannan gaɓar. Daga 1970 har zuwa 2011, shekarar da aka buɗe gada ta biyu, hanya ɗaya tak ta haɗa su, wato gadar Kennedy. A wancan zamani, ɗalibin da zai kai kuka gaban hukuma dole ya bi ta kanta, jami'an tsaro kuma ba sai sun bazu cikin gari ba: su tare bakin gada, magana ta ƙare. A nan aka yi abin 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka buɗe wuta a kan 'yan makarantar da suka fito ƙarƙashin ƙungiyar ɗaliban Nijar ta USN, suna ƙin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (FMI) suka sa gwamnatin Janar Ali Saibou ta yi wa ilimi. Uku suka mutu a lissafin hukuma. Kafin shekarar ta fita gwamnati ta yarda a kafa jam'iyyu, a ƙarshen Yulin 1991 kuma aka buɗe babban taron ƙasa.

Kowane birni yana da irin wannan maƙura. A Legas, shingen karɓar kuɗin hanya na Lekki ne a Oktoban 2020. A Khartum, filin da ke gaban hedikwatar soja ne a 2019. A Yamai ta yau, jerin gwano yakan tashi daga dandalin Toumo ya ƙare a dandalin Concertation, daf da ƙofar majalisa. Mai nazarin da ya san taswirar gari zai iya faɗa maka inda za a yi arangama tun kafin a yi ta. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi a aikin. Wuyar tana wajen sanin su wa suka fito, me ya raba su da gidajensu, da kuma su wa suka zauna ba su fito ba.

Yawancin alƙaluman da ake kafa hujja da su a kan zanga-zangar Afirka daga manyan rumbunan bayanai suke fitowa, irin su ACLED, waɗanda ke tattara rahotannin jaridu da kamfanonin dillancin labarai su jera su: rana, wuri, su wa da wa, mutum nawa suka mutu. Aiki ne mai amfani, ba don shi ba da wuya a kwatanta Bamako da Nairobi. Sai dai abin da ya shiga rumbun shi ne abin da ɗan jarida ya gani ya rubuta, a Nijar kuma rubutun jarida da Faransanci ake yin sa, a Yamai ake yin mafi yawansa. Matan da suka tare hanya a wata unguwa ta bayan gari saboda famfo ya yi kwanaki a bushe, ko 'yan kabu-kabu da suka yi cincirindo a Tawa don an kama musu babura, in an ci sa'a wani rediyo mai zaman kansa ya ambace su da Hausa ko Zabarmanci da yamma, washegari kuma babu inda aka rubuta.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Dokar 2004 ta ce masu shirya jerin gwano su sanar da hukumar gari kafin ranar, ta kuma ba hukumar ikon hanawa in tana ganin za a samu hargitsi. Daga 2018 zuwa 2023 takardar hani ta zama ruwan dare, sau da yawa sai ana gobe za a fito take isowa, yadda ko kotu aka garzaya lokaci ya ƙure. Ranar 25 ga Maris 2018, da ƙungiyoyin farar hula suka ce za su fito duk da hanin don ƙin dokar kasafin kuɗi, kame jagororinsu aka yi, suka shafe watanni huɗu a tsare. To, in ka buɗe rumbun bayanai ka ga zanga-zanga ta ragu a waɗannan shekaru, me ka gano? Mutane sun gamsu ne, ko ƙofa aka rufe? Lissafin ba ya bambance shirun yarda da shirun tsoro, kuma wanda ya zana jadawali da shi ya kira shi ma'aunin fushin jama'a, ma'aunin sassaucin hukuma ya zana bai sani ba.

Abin da ya faru a 2005 ya ƙara dagula lissafin ta wata fuskar. A farkon shekarar gwamnatin Tandja Mamadou, da Hama Amadou a kujerar firaminista, ta ɗora harajin TVA, wanda ake ƙarawa a kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya fito da dubban mutane a Yamai ranar 15 ga Maris. Da hukuma ta hana fita ta gaba, sai suka ce kowa ya zauna gida ranar 22 ga wata, aka wayi gari Yamai ta mutu. Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan safiya ya san kamanninta. Rumfunan kasuwar Katako a kulle, masu tura kura zaune a kan kurarsu ba kaya, motocin haya na faba-faba jere a tasha direbobi na hira, mai shayi ya hura wuta amma ya ja teburinsa cikin lungu don kada a ce ya buɗe. Babu taro, babu allo, babu kan da za a ƙirga. Amma wannan rana ta fi jerin gwanon girgiza gwamnati, kuma a Afrilu ta janye harajin daga kan fulawa da madara, ta sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi a kuɗin ruwa da wuta.

Ka ɗauki 'yan kasuwa uku a layi ɗaya, dukansu sun rufe. Na farko ya rufe ne don yana tare da ƙawancen. Na biyu ya ji tsoron kada yara su jefe masa shago. Na uku ya fito da niyyar buɗewa, bai samu motar da za ta kawo shi daga Talladje ba, ya koma ya kwanta. Daga waje ƙofa uku ce a rufe. Masu kira za su ƙirga duka ukun a nasu, gwamnati za ta ce duka ukun tilasta musu aka yi, kuma babu mai iya raba gardamar sai wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaya.

Tambayar ma ba a banza ake samun amsarta ba. Ɗalibin da aka ba takardar tambayoyi ya je fada da ita, wato majalisar shayin samarin unguwa, ya ce, "Yaya, me ya fito da kai ranar?" abin da zai fara ji shi ne, "Ƙanena, wa ya aiko ka?" In ya yi gaggawa, za a ba shi amsar da ke rubuce a allo: dimokuraɗiyya, 'yancin ƙasa, a kori wane. In ya ajiye takardar ya zauna har aka zuba shayi na uku, sai ya ji wata magana daban: digiri na cikin akwati shekara da shekaru, kuɗin haya ya taru, babur ɗin da ake nema da shi na wani ne, kuma ranar duk 'yan fadar suka tashi, ba yadda za a yi mutum ya zauna shi kaɗai yana gadin buta. Duka amsoshin gaskiya ne, amma ta farko kaɗai ke shiga rahoto.

Wata masaniyar siyasa 'yar Amurka, Lisa Mueller, ta yi irin wannan bin diddigi a Yamai bayan rikicin tazarce na 2009. Kowa ya ɗauka masu fitowa titi a lokacin kare tsarin mulki suka fito yi, tun da Tandja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta don ƙarin shekara uku. Abin da ta samu shi ne, da yawa daga cikin mahalarta matsin rayuwa da rashin hango mafita ne suka fi tura su. Daga nan ta raba masu zanga-zanga gida biyu: jagorori 'yan boko masu ɗan abin hannu, waɗanda ke maganar doka da wa'adi, da talakawan da ke cika titi, waɗanda ke maganar tukunya. A ganina rabon ya yi kaifi fiye da kima, domin talakan Yamai ya san tazarce sarai, kuma yana iya jin haushinta da haushin farashin shinkafa a zuciya ɗaya. Amma ta taɓo gaskiyar da 'yan fada suka riga ta faɗa da nasu bakin duk lokacin da aka sasanta a sama: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa abin da ya tayar da wuta da abin da aka ƙare ana nema ba safai suke zama ɗaya ba. A Sudan, tsadar burodi ce ta fito da mutanen Atbara a Disamban 2018, a Afrilun 2019 kuma Omar al-Bashir ya faɗi. Ƙungiyar matasa ta Y'en a marre ta Dakar, ɗauke wutar lantarki ne ya haife ta a Janairun 2011, kafin ta zama ƙashin bayan masu ƙin wa'adi na uku na Abdoulaye Wade. M62 ta nan gida, haɗakar ƙungiyoyin farar hula, an kafa ta a Agustan 2022, bayan litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, amma da ta fito ranar 18 ga Satumba abin da duniya ta ji shi ne sojojin Faransa su fice. Wani zai ce jagorori sun karkatar da kukan talaka. Wani zai ce a'a, sun ba kukan suna ne, sun nuna masa ƙofar da zai buga. Ba a raba wannan gardama daga ofis, kuma amsar Dakar ba lalle ta zama ta Yamai ba.

Hanyar da na fi ganin amfaninta ita ce a bar bin ranaku a bi mutane. A Maris 2005 an tsare jagororin ƙawancen tsadar rayuwa, cikinsu har da Nouhou Arzika, Marou Amadou da Moussa Tchangari. Shekara huɗu bayan haka, Arzika yana cikin masu goyon bayan tazarce, Marou yana cikin masu yaƙar ta har aka sake kama shi. Bayan juyin mulkin Salou Djibo na 18 ga Fabrairun 2010 Marou ya shugabanci majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya, daga 2011 kuma ya zama ministan shari'a a gwamnatin Issoufou Mahamadou. Yana kan wannan kujera aka kama Arzika da Tchangari tare a Maris 2018. Abdoulaye Seydou na M62 ya shiga kurkuku a Janairun 2023, ya fito bayan juyin mulkin Yuli, a 2025 ya zama ministan kasuwanci. Tchangari kuwa an sake kama shi a Disamban 2024, wato ya ɗanɗana tsarewa a zamanin Tandja, da na Issoufou, da na soja.

Ba don a yabi wani ko a kushe wani na jero wannan ba. Abin lura shi ne, "farar hula" da rahotannin waje ke ambata kamar wata runduna guda mai fuskantar gwamnati, a Yamai 'yan mutane ne da suka san juna tun suna USN, suka yi makaranta tare, suna haɗuwa wajen suna da jana'iza, kuma tsakaninsu da gwamnati ƙofa ce da ake shiga ana fita. Gari ne da bai wuce mutum dubu 30 ba lokacin samun 'yancin kai, ƙidayar 2012 ta ba shi miliyan ɗaya da 'yan kai, amma 'yan bokon da ke iya rubuta takardar sanarwa, su kira 'yan jarida, su samo lauya, ba su yi yawan da garin ya yi ba. Wanda bai san wa ya raba ɗaki da wa a jami'a ba, zai yi ta mamakin ƙawancen da ke ƙulluwa da wanda ke watsewa.

Sai kuma taron da masu nazari ba su cika son kallo ba. Akwai wani son zuciya a wannan fanni: in matasa suka fito suna neman zaɓe na gaskiya, a kira su masu fafutuka a yi musu littafi, in suka fito daga masallaci, a kira abin tarzoma a miƙa shi ga masana tsaro. Alhali a Nuwamban 2000 ƙungiyoyin addini sun cika titunan Yamai da Maraɗi don ƙin bikin nunin tufafi na FIMA. A Janairun 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci kuma an ga shugaba Issoufou a jerin gwanon Paris, Damagaram ta kama wuta ranar Juma'a 16 ga wata, Yamai ta bi washegari, mutum goma suka mutu, aka ƙone majami'u da dama. A Afrilun 2020 matasa sun yi ta arangama da 'yan sanda da dare a unguwanni irin su Lazaret saboda dokar hana fita da hana sallar jam'i a lokacin korona. Ƙona majami'ar maƙwabci ta'asa ce, babu wani suna da za a sa mata. Amma yaran da suka yi ta ba daga wata duniya suka faɗo ba. Unguwannin ɗaya ne, fadojin ɗaya ne, wani lokaci ma mutanen ɗaya ne da waɗanda ake yabo in sun fito don tsadar rayuwa. Masallaci kuma shi ne wurin da ke tara jama'a kowace Juma'a ba tare da neman izinin magajin gari ba, abin da babu sandika ko jam'iyyar da ke iya yi. Mutanen Bamako sun ga haka a 2020, da Imam Mahmoud Dicko ya zama murya mafi ƙarfi a gangamin da ya share fagen faɗuwar Ibrahim Boubacar Keïta.

Shekarar 2023 ta zo da tambayar da littattafan fannin ba su shirya mata ba: yaya ake nazarin taron da ya fito don mara wa masu mulki baya? Bayan Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Bazoum Mohamed ranar 26 ga Yuli, jama'a sun yi dafifi a ofishin jakadancin Faransa ranar 30 ga wata, sun cika filin wasa na Seyni Kountché ranar 6 ga Agusta da wa'adin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ba sojojin na su mayar da Bazoum ke cika, sannan suka yi zaman dirshan a shataletalen Escadrille, kusa da sansanin sojan Faransa, har sojojin suka tattara suka fice a Disamba. Masu sharhi daga waje suka ce haya aka yi, ko kuma aikin Rasha ne. Magoya baya suka ce al'umma ce baki ɗaya. Dukansu sun huta da bincike.

Fushin ya girmi juyin mulkin. Tun a Nuwamban 2021 aka kashe mutum uku a Tera lokacin da matasa suka tare ayarin motocin sojan Faransa. Takunkumin CEDEAO, da yanke wutar da Najeriya ta yi, da rufe iyakar Benin, da barazanar kawo yaƙi, sun tura mutane da dama filin waɗanda ba su taɓa son mulkin soja ba. Batun kuɗin mai ko na taksi da ake cewa ana rabawa, in ma an raba, duk jam'iyyun ƙasar nan sun yi shi a gangaminsu, kuma karɓar jaka ɗaya ba ya nuna mutum bai yarda da abin da ya fito dominsa ba. A ɗaya gefen kuma, magoya bayan Bazoum da suka nufi fadar shugaban ƙasa a ranar farko da harbin gargaɗi aka tarwatsa su, washegari aka cinna wa hedikwatar PNDS, jam'iyyar Bazoum, wuta, aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a Maris 2025 aka rushe su gaba ɗaya. Taron da aka buɗe wa hanya an ga girmansa, kuma babba ne. Wanda aka rufe wa hanya babu mai iya faɗin girmansa, ko ƙarami ne ko babba, kuma mai nazari na gaskiya dole ya rubuta duka biyun a shafi ɗaya.

Duk wannan magana ta birni ce, a ƙasar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'arta ke karkara. A shekarar da Yamai ta tsaya cik saboda TVA, ƙauyukan Tawa, Maraɗi da Damagaram yunwa suke fama da ita bayan fari da fara. Waɗannan ba su yi jerin gwano ba. Sun sayar da awaki, maza sun tafi bida Najeriya, Abijan da Libiya, mata sun yi layi da yara a cibiyoyin tamowa. Barin gida ma amsa ce ga halin da ake ciki, amma ba ta da shafi a rumbun zanga-zanga. Cibiyar LASDEL da ke nan Yamai, wadda aka kafa a 2001, tana cikin 'yan wuraren da suka ɗauki doguwar zama da mutane a matsayin hanyar bincike, a harshensu, a asibiti da kasuwa da ƙauye, kuma irin wannan aiki ba ya fitar da jadawali cikin mako biyu, shi ya sa masu ba da kuɗi daga waje ba su cika ɗokinsa ba.

Saura batun nasara, wanda ya dogara da ranar da aka yi hisabi. Mutanen Wagadugu sun ƙone majalisa ranar 30 ga Oktoban 2014, Blaise Compaoré ya sauka washegari bayan shekara 27. Wanda ya rubuta a 2015 ya ce an yi nasara. Wanda ya rubuta a 2022, bayan juyin mulki biyu cikin shekara guda, ya ce wahalar banza aka sha. Khartum ta tashi daga murnar 2019 zuwa juyin mulkin 2021 zuwa yaƙin 2023. Babban taron ƙasa na Nijar ya kai ga zaɓen 1993, Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da abin da aka gina a Janairun 1996.

Ranar 13 ga Mayun 1991 matan Yamai sun yi tattaki zuwa ofishin firaminista don mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ba a yi harbi ba, gwamnati ba ta faɗi ba, an dai ƙara musu 'yan kujeru, daga baya ranar ta zama ranar matan Nijar. Mai ƙirga gawa da faɗuwar shugabanni zai wuce wannan tattaki bai waiwaya ba. Sai a 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ware aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa 15, a 2019 aka kai shi 25, na naɗi kuma 30. Majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020 da wannan doka aka cika ta, ita ce kuma aka rushe a Yulin 2023.